Yadda tarin fayiloli ya kusa kashe motar NASA a duniyar Mars

Ranar 21 ga Janairun 2004, ƙasa da mako uku da saukarta a duniyar Mars, motar bincike ta NASA mai suna Spirit ta daina aiko da bayanai. Da aka bi diddigi, sai aka gano laifin manhajar da ke tsara fayilolinta ne.

Kwamfutar motar tana aiki da VxWorks, manhajar da ake sa wa na'urorin da ba sa jure jinkiri. RAM ɗinta megabait 128 ne, filash kuma megabait 256, an tsara shi da salon FAT, dangin wanda ke kan katin memorin waya.

Duk lokacin da ta kunnu, sai ta kwafi jerin fayilolin filash zuwa RAM. A FAT kuwa, goge fayil ba ya cire gurbinsa daga jerin, alama kawai ake yi masa. Shi ya sa ma ake iya dawo da wasu hotunan da aka goge daga memori. Tun motar na hanya jerin ke kumbura, har RAM ta kasa ɗaukarsa. Kwamfutar ta sake kunna kanta, ta ci karo da jerin nan, ta sake kunnuwa, haka dai ba ƙaƙƙautawa, ga batir yana ta zuƙewa domin ta ƙi barci da dare.

Injiniyoyin JPL da ke Amurka suka umarce ta da ta tashi ba tare da taɓa filash ba, suka goge fayiloli, sannan suka yi masa fomat. Aikin kwana 90 aka tsara mata, amma sai a watan Maris na 2010 ta aiko da saƙonta na ƙarshe.