Asarar da Ba Ta Shiga Farashi: Darasi Daga Tuddan Adar

Kuɗin da magidanci ke bayarwa idan ya sayi itacen girki a Tawa, kuɗin gatari ne da gumin mai sara da ladan jaki ko motar da ta kawo kayan gari. Mai saye ya samu na hura wuta, mai sayarwa ya samu na cefane, kowa ya tafi da murna. Amma akwai wani da ba a yi cinikin da shi ba, wato manomin da gonarsa ke gindin tudun da aka sare. Idan ruwan sama ya sauka bisa faƙo, ba abin da zai tare shi, sai ya gangaro a guje, ya faɗaɗa ƙorama, ya ci bakin gona, ya binne fadama da rairayi. Ko dala ɗaya daga cikin wannan asara ba ta shiga farashin itacen ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ne masana tattalin arziki ke kira gazawar kasuwa. Ba wai 'yan kasuwa mugaye ba ne. Farashi ne kawai ba ya ƙirga komai sai abin da ya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Tun a 1920 masanin nan na Ingila, Arthur Pigou, ya bayyana inda wannan ke kai jama'a: abin da cutarsa ke faɗawa kan wasu, akan yi shi fiye da kima, domin mai yin sa ba ya jin zafin, abin da alherinsa ke zuwa ga wasu kuwa, akan yi shi ƙasa da buƙata, domin mai yin sa ba ya cin ribar duka. Leda ta ishe mu misali. Mai tebur na ba da ita kyauta, amma mai akuyar da ta haɗiye ta ne ke biya, da unguwar da magudanar ruwanta ta toshe. Shi ya sa Nijar ta kafa dokar hana ta a 2014, ko da yake har yau leda tana rataye a ƙayoyin bayan gari.

Akwai kuma kayan amfanin kowa, waɗanda Paul Samuelson na Amurka ya fayyace a 1954. Alamarsu biyu ce: ba a iya hana wanda bai biya ba cin moriyarsu, kuma moriyar wani ba ta rage ta wani. Shingen duwatsun da ya karya ƙarfin ambaliya yana kare gidan wanda ya ɗauki dutse da na wanda ya kwanta a inuwa. Tunda haka ne, kowa sai ya jira wani ya fara, kuma ba ɗan kasuwar da zai zuba dukiyarsa a abin da ba shi da hanyar sayarwa.

Adar, yankin da Tawa take, ta ga wannan da idonta bayan farin 1973 da na 1984. A Keita tuddai sun yi ƙwal, kwaruruka sun zaizaye, maza da yawa sun tafi bida. Babu manomi ɗaya da zai iya gyara tudu sukutum don amfanin garuruwan da ke ƙasa da shi. A 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da goyon bayan FAO, hukumar PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka fi yawa a wannan aiki. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka tona ramuka a jikin tuddai, aka gina madatsun ruwa, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18, aka farfaɗo da fiye da hekta dubu 30. Aikin da kasuwa ba za ta taɓa biya ba, kuɗin hukuma da gayya suka yi shi.

A kwarin Majiya, wajen Buza, matsalar iska ce. Daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka dasa dogon yaro layi-layi don tare iskar da ke kwashe ƙasa tana kashe shuka. Hatsi ya ƙaru a gonakin da ke bayan layukan. Sai dai wanda aka dasa itatuwan a gonarsa ya rasa wani yanki nata ga inuwa da saiwa, maƙwabtansa kuwa sun samu kariya ba su rasa komai ba. Da itatuwan suka isa sara, tambaya ta taso: na wa ne itacen? Sai da aka zauna aka tsara rabon tsakanin masu gonaki da jama'ar gari.

Illela ta koyar da wani darasin daban. A 1989 wani shiri na asusun FIDA ya kai wasu manoma Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake tona ramuka a faƙo ana zuba taki, suka dawo suka inganta irin nasu ramukan da ake kira tassa. A nan amfanin farko na mai gona ne, domin hatsin da ya fito nasa ne. Ba a daɗe ba mutane suka soma sayen faƙon da a da ko kyauta ba mai so, suna ɗaukar 'yan ƙwadago su tona musu. Inda mai wahala ke da tabbacin cin gajiyar wahalarsa, kasuwa da kanta takan ja aikin. Maƙwabta ma sun samu rabonsu, domin a garuruwa irin su Batodi ruwan rijiyoyi ya matso sama.

Kada kuma a ɗauka duk abin da hukuma ta sa hannu ya gyaru. A arewa, wajen Abalak da Cintabaraden, makiyayin da ya haƙa rijiya shi ke da fifiko a kanta, baƙo kuma sai ya nemi izini kafin ya shayar, kuma ta haka ake kayyade yawan bisashen da ke cin ciyawar wurin. Da aka kafa manyan famfunan gwamnati daga shekarun 1960, aka buɗe su ga kowa, sai garkuna suka taru, makiyayar da ke kewaye ta ƙare da wuri. Ruwa ya samu, amma ƙa'idar da ke kare ciyawa ta rushe. Ciyawa ba kamar shingen ambaliya ba ce: abin da saniyar wani ta ci, ta wani ta rasa. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa irin wannan dukiya takan dawwama ne inda masu amfani da ita suka san iyakarta, suka sa dokarsu, suka hukunta mai ƙetare ta. Kasuwannin itace na karkara da dokar 1992 ta kafa, da kwamitocin filaye da suka biyo bayan dokar karkara ta 1993, duk ƙoƙari ne na mayar da wannan iko hannun mutanen wuri.

Saboda haka magani ba ɗaya ba ne. Inda wani ke jawo wa wasu asara, a sa masa haraji ko doka har ya ji nauyinta. Inda amfanin na mai aiki ne, a tabbatar masa da haƙƙinsa a kan gona da itace, a bar shi. Inda amfanin na kowa ne, dole a tara kuɗi ko ƙarfi a yi tare.

Wurin da aka fi sakaci shi ne gyara. Madatsa takan cika da rairayi, jeren duwatsu yakan ɓalle, kuma gyaransu ma amfanin kowa ne da kowa ke jiran wani ya yi. Masu ba da tallafi sukan gina su tafi. Ya kamata ƙananan hukumomin Adar su ware kason gyara a kasafinsu na kowace shekara, sarakuna da masu gari su sa ranar gayya kafin damina, mutanen birni kuma su yarda cewa wani abu daga kuɗin itacen da suke ƙonawa ya koma ga garuruwan da ke tsaron dajin.