Shin Gandoki Ya Taɓa Haɗuwa Da Alhaji Imam A Kwantagora?

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Wannan kun san shi, domin yana cikin abin da malaman Hausa ke sa ku haddace. Abin da ba a tambaya a jarrabawa shi ne wanda mu, wasu ɗaliban jami'a masu son karance-karance a nan Wudil, muka daɗe muna musu a kansa: shin uku daga cikin waɗannan littattafai a duniya guda suka faru? In haka ne, wane labari ya riga wane?

Kada ku ɗauka shiririta ce ta mu kaɗai. A Ingila masu son labaran Sherlock Holmes sun fi shekara ɗari suna lissafin ranar da kowane labari ya auku, har suna gardama kan ko a kafaɗa aka harbi abokinsa Dakta Watson ko a ƙafa, saboda marubucin ya faɗi duka biyun. Masu kallon finafinan Marvel ma haka suke yi. Bambancinmu da su, namu taurarin a kusa da gida suke.

Masu ra'ayin cewa duniyar ɗaya ce da taswira suka fara. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja mutumin Kwantagora ne, daga can ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, can kuma ya komo. Ganɗoki jarumi ne da ya yi yaƙi da Turawa a ɓangaren Sarkin Sudan na Kwantagora. Shaihu Umar kuwa, da ya tashi ba almajiransa tarihinsa, daga wani gari Kagara ya ɗauko shi, can wajen Bida. Duk waɗannan wurare yau suna cikin Jihar Neja. Taurari uku, yanki guda. Ƙari a kan haka, Bello Kagara yayan Abubakar Imam ne, kuma a Kagara aka haifi Imam a 1911.

Ganɗoki ne ya fi sauƙin ɗorawa a kan kalanda, don yana tafe da tarihi na gaskiya. Turawa sun ci Kwantagora a 1901. Yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, an yi shi a 1903, kuma littafin ya sa Ganɗoki cikin waɗanda suka bi Attahiru. Daga nan ne labarin ya bar ƙasa ya shiga duniyar aljannu, shi da ɗansa Garba Gagare suna ta gwabzawa a ƙasashen gabas. Da ya dawo ya tarar mulkin Turawa ya zauna, har ga yara 'yan makaranta masu son jin labarin yaƙi. Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa ita ce ta Ɗan Hausa a Kano, wadda aka buɗe a 1909. Ke nan tsohon yana ba da labarinsa ne tsakanin 1909 da 1933. Shaihu Umar ma bai ba da wahala ba: zamanin harin bayi ne da ayarin raƙuma masu ratsa Sahara, kuma an ambaci Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 aka kashe shi a 1900. Saboda haka yarintar Umar ta riga yaƙe-yaƙen Ganɗoki da Turawa.

Ruwan Bagaja ne ya hana mu barci.

Garin Kwantagora Umaru Nagwamatse ne, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa shi wajen 1864. In Alhaji Imam ya girma a can, ya yi shekaru yana yawo, ya dawo ya tarar da sarki mai cikakken iko, to tilas abin ya faru cikin shekaru 37 da ke tsakanin 1864 da 1901. Wannan shi ne daidai lokacin samartakar Ganɗoki. Shi ya sa wasu cikinmu suka rantse mutanen biyu sun taɓa gaisawa a ƙofar fada, wata ma ta ce ba mamaki Malam Zurƙe ya taɓa damfarar Ganɗoki, sai dai jarumi ba ya ba da labarin ranar da aka ci kasuwarsa.

Amma littafin da kansa ya ce a zamanin Shaihu ɗan Ziyazzinu aka yi Koje Sarkin Labari, mutumin da Alhaji ya ba labarin. Masu nazari na danganta wannan suna da Saifu ɗan Zi Yazan, wani sarkin Yaman da ya rayu a ƙarni na 6, kafin aiko Annabi (SAW). To ta yaya za a sami Alhaji da liman da masallaci a wancan zamani, a garin da sai bayan shekara kusan 1,300 za a kafa shi?

Mafita uku muka ji. Wasu sun ce ai littafin bai ɓoye cewa Koje ba shi da cikakken saiti ba, don haka duk lissafin da ya biyo ta hannunsa abin tuhuma ne. Wannan ta burge mu, sai dai ba Koje ne ya faɗi zamanin ba, mai ba da labarin ne. Wasu sun ce lokaci a ƙasar aljannu ba ya tafiya irin namu. Ita ma ta faɗi, domin matsalar tana nan tun kafin Alhaji ya taka ƙasar aljannu. Ta ukun ita muka fi karkata gare ta, ko da yake ba ta da armashi: Imam yana ɗan shekara 22 ne, yana koyarwa a Midil ta Katsina, kansa cike da littattafan Larabci irin su Dare Dubu Da Ɗaya. Ya ɗauko sunan tsohon sarki ne don ya ce "can da daɗewa", ya ɗauko Kwantagora don ƙasarsu ce. Kusancin taurarin nan uku, a ganinmu, daga marubutan ya fito, musamman wa da ƙanin nan biyu.

Ga abin da za mu roƙe ku, ƙannenmu. In za ku shiga wannan musu, ku raba abin da littafi ya faɗa da abin da kuke so ya faɗa. "Ganɗoki ya je Burmi" yana cikin littafi. "Ganɗoki ya san Alhaji" hasashe ne, kuma wanda ya rubuta shi a takardar NECO shi ya jiyo. Sannan ba a shiga da taƙaitaccen bayanin da aka kwafa a allo, sai an karanta littafin gaba ɗaya. Ba su da kauri. Ruwan Bagaja bai fi karatun yammaci biyu ba.

Magana Jari Ce kuwa, wanda ya fara fitowa a 1937, har yanzu mun rasa inda za mu ajiye shi. Ƙasar Sarki Abdurrahman a gabas kawai aka ce take, ba shekara, ba Rabe, ba Burmi. Masu ra'ayin duniya ɗaya sun ce ai Ganɗoki da Alhaji duk gabas suka nufa, ba mamaki ɗayansu ya ratsa ta garin da aku ya zama waziri. Mun ce su kawo shafi. Suna nan suna dubawa.