HARSASHIN KANKARE MAI ƘARKO A BAKIN TEKU DA GANGAREN DUTSE

Gabatarwa

Nauyin kowane gida a kan harsashinsa yake, harsashi kuwa a kan ƙasa yake zaune. Idan rufi ya yi yoyo ana iya sake kwano, idan shafe ya ɓare ana iya sake shi, amma harsashin da aka kafa ba daidai ba gyaransa da wuya da tsada, wani lokaci ma sai an rushe ginin ɗungum.

Yawancin magina da masu gidajen da suka taso a Kano ko Katsina ko Sakkwato sun saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri. Amma fatauci da aikin gwamnati sun kai jama'a ko'ina a Nijeriya. Wasu suna gini a Legas da Warri da Fatakwal da Kalaba, wasu kuma a jikin duwatsun Jos da Abuja da Lakwaja da Okene. Harsashin da ya wadatar a can gida ba lalle ne ya wadatar a waɗannan wurare ba, domin a bakin teku da gangaren dutse duka babban abokin gaban harsashi ɗaya ne, watau ruwa. A bakin teku ruwa na kwance cikin ƙasa tare da gishiri. A gangare kuwa gudu yake yi yana kwashe ƙasa.

1. A San Ƙasa Kafin a Haƙa

Kafin a sayi siminti ko buhu ɗaya, wajibi ne a san irin ƙasar da ke filin. A ziyarci wurin da damina, a ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, a dubi bangon maƙwabta ko ya tsage, a kuma tambayi tsofaffin unguwa abin da wurin yake a da. Filaye da yawa a Legas fadama ce aka cike da yashi ko shara, a Jos kuma akwai wuraren da tsofaffin ramukan kuza ne da tarin ƙasar da aka tono daga cikinsu.

Sa'an nan a haƙa ramukan gwaji biyu ko uku, zurfin mita ɗaya da rabi, a bar su su kwana, a ga ko ruwa zai taru. Duk wanda zai gina bene, ko zai yi gini kan cikon fadama, lalle ne ya kira masu gwajin ƙasa su huda ta da inji, su rubuta masa nauyin da za ta iya ɗauka. Kuɗin gwajin kaɗan ne idan aka kwatanta shi da kuɗin gidan.

2. Matsalolin Bakin Teku

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai wajen kilomita 850, daga Badagiri a yamma zuwa Jihar Kuros Riba a gabas. A wasu sassanta ruwan sama yakan wuce milimita 3,000 a shekara, alhali a Sakkwato bai cika kaiwa 800 ba. Matsaloli uku ne ke jiran mai gini a wannan yanki.

Ta farko ita ce taushin ƙasa. Taɓo da ruɓaɓɓen ganye da saiwoyin da suka taru shekara da shekaru sukan lotsa a hankali idan aka ɗora musu nauyi. Idan wani gefen gida ya fi wani nutsewa, bango sai ya tsage, gidan ya karkata.

Ta biyu ita ce kusancin ruwa. A wurare da yawa ba a haƙa mita ɗaya sai a tarar da shi, yana kuma hawa da sauka tare da damina da cikar teku.

Ta uku, wadda ta fi ɓoyuwa, ita ce gishiri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da wajen giram 35 na gishiri. Kankare yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan gishiri ke ratsawa har ya kai ga rodi. Da zarar rodi ya yi tsatsa sai ya kumbura, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri ninki biyu ko fiye. Kumburin nan shi ke fasa kankare daga ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka gishiri yake, kowace tsaga ƙofa ce gare shi.

Har ila yau, teku kan ci gaɓarta. Katangun dutse da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa ta Legas tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin da igiyar ruwa ke kaiwa gabas, saboda haka teku ta daɗe tana cin gaɓar Bar Beach. Garin Ayetoro na Jihar Ondo ma ya yi asarar gidaje masu yawa. Babu harsashin da zai ceci gidan da aka kafa inda teku ke matsowa, don haka a kiyaye tazarar da hukumar tsara gari ta ƙayyade.

3. Irin Harsashin da Ya Dace

Harsashin da aka saba da shi, wanda ake haƙa rami bisa layin bango, ya dace da ƙasa mai tauri ne kawai. Ga bulo mai inci tara, faɗinsa kan zama ninki uku na kaurin bulon, watau kusan santimita 68, kaurin kankarensa kuwa wajen santimita 23. A haƙa har a wuce baƙar ƙasar sama a kai ga mai tauri.

Inda ƙasa ke da taushi, akan yi harsashin shimfiɗa: kankare mai rodi da aka zuba a ƙarƙashin gidan duka kamar tabarma, tare da katakan kankare masu ɗaure shi. Amfaninsa shi ne raba nauyi a kan fili mai faɗi, ta yadda ko gidan zai lotsa, zai lotsa gaba ɗaya ba tare da ya tsage ba.

Inda taɓo ya yi zurfi, ko ginin mai nauyi ne, sai a kafa ginshiƙai cikin ƙasa har su kai ga yashi mai ƙarfi can ƙasa. Gadar Third Mainland ta Legas, wadda aka kammala a 1990, a kan irinsu take tsaye. Zaɓi tsakanin waɗannan uku aikin injiniya ne, bisa sakamakon gwajin ƙasa.

Kowane iri aka zaɓa, a ɗaga daɓen gida sama da inda ambaliya ta taɓa kaiwa, a shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashinsa, a kuma sa abin tare danshi a bango aƙalla santimita 15 sama da ƙasa.

4. Kayan Haɗi da Kwaɓi

Ƙarkon kankare daga wurin kwaɓi yake farawa. Ga ƙa'idodin da ya kamata kowane mai gini ya sa ido a kansu:

(a) Siminti. A sayi sabo, a ajiye shi bisa katako cikin ɗaki mara danshi. Buhun da ya yi gudaji masu tauri ya riga ya lalace. Mai lamba 42.5 ya fi dacewa da harsashi da ginshiƙi.

(b) Yashi. Kada a ɗebo na bakin teku, domin gishiri na cikinsa. A gwada tsabtar yashi da kwalba: a zuba shi zuwa rabi, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwanta. Idan lakar da ta kwanta a sama ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsawon yashin, a wanke shi ko a nemo wani.

(c) Ruwa. Wanda ya dace da sha shi ya dace da kwaɓi. Ruwan teku, da na rijiya mai zartsi, da na kwata, duk ba su dace da kankare mai rodi ba.

(d) Awo. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu. Kwaɓin yau da kullum shi ne buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. A bakin teku kuwa a rage zuwa yashi kwano uku da tsakuwa kwano shida. Ruwan kowane buhu kada ya cika jarka mai lita 25, a rage shi kuma idan yashin jiƙaƙƙe ne. Leburori sukan so ƙara ruwa don sauƙin zubi, amma ruwan da ya yi yawa idan ya bushe ƙofofi yake bari, ƙofofin da gishiri zai bi.

(e) Suturar rodi. Kada rodi ya taɓa ƙasa. A fara zuba siririn kankare mai kaurin santimita 5 a gindin rami, sa'an nan a ɗora rodin bisa 'yan dunƙulen kankare da magina ke kira biskit, domin ya sami suturar santimita 5 ta kowane gefe. Inda kankare zai haɗu da ƙasa kai tsaye, suturar ta kai santimita 7 da rabi.

(f) Zubi da ban ruwa. A kwashe ruwan rami kafin zubi, a girgiza kankaren da inji ko a soke shi da rodi har iska ta fita. Bayan haka a lulluɓe shi da buhuna, a riƙa jiƙa shi safe da yamma kwana bakwai aƙalla. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, sai a kwana na 28 ake auna ƙarfinsa.

5. Gini a Gangaren Dutse

Mai gini a gangare yakan yanke ƙasa daga sama ya cike ƙasa da ita domin ya sami fili. A nan haɗari yake. Gefen da aka yanke tauri gare shi, gefen ciko kuwa sako-sako ne, gidan da ya hau kan biyun zai tsage daidai mahaɗarsu. Ƙa'ida ita ce harsashi ya ratsa ciko ya sauka kan ƙasar asali ko kan fa. Cikon da zai ɗauki daɓe a zuba shi kaɗan-kaɗan, santimita 15 kowane zubi, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa.

Kada gindin rami ya bi karkatar gangare, domin gidan zai nemi zamewa. A yi shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa a miƙe sambal. Tsayin hawa kada ya wuce kaurin kankaren, na sama kuma ya hau kan na ƙasa da ninki biyu na tsayin hawan, ba ƙasa da santimita 30 ba. A kuma bambanta fa da ƙaton dutsen da ke zaune kawai bisa ƙasa, irin waɗanda suka yawaita a Jos. Ruwa na iya kwashe ƙasar ƙarƙashinsa ya motsa.

6. Katangar Tokare da Magudanar Ruwa

Ƙasar da aka yanke tana bukatar katanga mai tokare ta. Bulo mai rami da aka jera kawai ba zai iya wannan aiki ba. Ana bukatar kankare mai rodi ko ginin dutse mai faɗin gindi, wadda ta wuce mita ɗaya da rabi kuwa sai da zanen injiniya. Abin da ya fi ka da irin wannan katanga shi ne ruwan da ya taru bayanta, domin ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa tan guda ne. Saboda haka a zuba tsakuwa a bayanta, a bar ƙofofin tsiyayar ruwa kusa da gindi, tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

A saman fili a yi lambatu mai tare ruwan da ke gangarowa ya kewaye gidan. Ruwan indararo ma a kai shi lambatu, ramin salga kuma ya kasance ta ƙasan gida, nesa da harsashi. Jikin gangaren da ya rage a dasa masa ciyawa mai dogon saiwa irin jema. Manyan kwazazzaban Agulu da Nanka a Jihar Anambra, waɗanda suka ci gonaki da gidaje, sun isa misalin abin da ruwa mai gudu ke yi wa ƙasa mai sako-sako. A tabbata kuma ba a juya ruwan kan maƙwabcin da ke ƙasa ba.

7. Alamun Haɗari

Harsashi yakan yi gargaɗi kafin ya gaza. Alamun sun haɗa da tsaga mai bin layin bulo kamar matakala, musamman wadda ke ƙara faɗi; ƙofa ko taga da ta daina rufuwa; jan tabon tsatsa a jikin ginshiƙi; kankare mai ɓarewa har rodi ya bayyana; da katangar tokare da ta yi ciki ko ta sunkuya. Shafe tsaga da siminti ɓoye ciwo ne kawai. A kira injiniya, idan kuma tsagar na buɗewa da sauri a fitar da iyali nan take.

8. Doka da Ƙwararru

Rushewar gini ba ta tsayawa kan mai shi kaɗai. A watan Maris na 2019 wani bene mai makaranta a cikinsa ya rushe a unguwar Ita Faji ta Legas, yara na cikin waɗanda suka rasu. Ran 1 ga Nuwamba 2021 kuma bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya rushe, mutum fiye da 40 suka halaka.

Ƙasar nan tana da hukumomin da aka kafa domin kare jama'a. Majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke rajistar injiniyoyi. Hukumar SON ke kula da ingancin siminti da rodi. An kuma fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006. Haƙƙin mai gini ne ya nemi shaidar rajistar wanda zai zana masa harsashi, ya sami izinin hukumar tsara gari ta jiharsa, kada kuma ya ƙara hawa bisa harsashin da ba a zana shi don haka ba.

Kammalawa

Harsashi shi ne sashen gida da baƙo ba ya gani, shi ya sa nan ne aka fi yin tsimi. Amma araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai isa ba, gara ya rage yawan ɗakuna ko ya jinkirta fenti da ya rage siminti da rodi a ƙarƙashin ƙasa. Ana kira ga jama'a su gwada ƙasa kafin haƙa, su tsaya kan awo ranar zubi, su kuma buɗe wa ruwa hanyarsa tun kafin damina ta faɗi.