Tsohuwar Rediyo Mai Ƙwai: Ina Ake Haɗa Wayoyin Zafi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu ya ce ya gaji tsohuwar rediyo mai ƙwai a wurin mahaifinsa, taransifomarta ta ƙone, ya samo wata. Yana tambaya ko zai iya haɗa dukan ƙwayayen a kan waya ɗaya, tun da duk zafi suke bukata.

AMSA: To malam, a'a, kada ka yi haka. Ga dalili.

Wutar lantarki ta gida kai-komo take yi, rediyo kuwa tana son wuta mai bin hanya ɗaya, irin ta batir. Akwai ƙwai guda wanda aikinsa ke nan, ya miƙar da wutar. Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙirƙiro irinsa a 1904. A cikinsa akwai siririyar waya, sai ta yi ja sannan ya fara aiki. Shi ya sa in ka kunna rediyon sai ka ɗan jira kafin ta yi magana.

Duba lambar da ke jikin ƙwan. In ka ga 5Y3 ko 5U4, bolt 5 yake ci, alhali sauran galibi bolt 6.3 suke ci. Abin lura kuma, ta wannan siririyar wayar ce babbar wuta take fita, wadda kan kai bolt 300 ko fiye. Saboda haka aka ware masa naɗinsa shi kaɗai a cikin taransifoma. A ƙirar Amurka, wayoyinsa rawaya ne, na sauran ƙwayayen kore. Rawayan suna zuwa ƙafa ta 2 da ta 8. In ka gama su da koren, ko suka taɓa ƙarfen akwatin, to taransifoma ta sake ƙonewa, kuɗinka sun bi ruwa. Ka kuma tabbata sabuwar za ta ɗauki nauyin: 5Y3 amfiya 2 yake sha, 5U4 kuwa amfiya 3.

Ka murɗe kowane wayoyi biyu tare kamar igiya, don rage gunjin da ke fita a lasifika.

Sai gargaɗi. Ko ka zare filogi, kwandansa tana riƙe wutar da za ta iya kashe mutum. In ba ka da mita, ba ka kuma saba ba, kai ta wurin mai gyara. Rigakafi ya fi magani.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.