Farin furen katanga ba zaƙami ba ne

Tun da damina ta yi nisa ake yawo da wani hoto a WhatsApp: farin fure mai faɗi a jikin katanga, da gargaɗin cewa zaƙami ne, a tumɓuke shi kafin yara su ci su haukace. A nan Dutse saƙon ya samu karɓuwa, har masu gidaje na sa a yaye musu yaɗon da suka shuka da kuɗinsu. Abin haushin shi ne, tsiron da ke cikin hoton yaryaɗi ne, wanda masana ke kira Ipomoea alba, ɗan'uwan dankalin Hausa na jini. Zaƙami kuwa, wato Datura metel, danginsa su ne gauta da tumatir da taba.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Dukansu fari ne furensu, dukansu da yamma suke buɗewa, dukansu suna ƙamshi da dare. Amma wanda ya tsaya kan fure kaɗai kamar wanda ya ga farar riga ne daga nesa ya rantse liman ne. A matsa kusa mana. Zaƙami tsayawa yake da ƙafarsa, yana reshe kamar gauta, ba ya hawa komai. Ka murza ganyensa ka ji wari mara daɗi. Ɗansa dunƙulalle ne mai gajerun ƙayoyi, cike da ƙananan ƙwayoyi. Yaryaɗin nan kuwa ba ya iya tsayuwa sai ya naɗe waya ko darni ko bishiya, ganyensa irin na dankali ne, ɗansa sumul yake, yawanci ƙwaya huɗu ce manya a ciki. Furensa ma a baje yake kamar faifai a kan siririn wuya, faɗinsa kan wuce santimita 10. Bayan magariba yake warwarewa, cikin 'yan mintoci kana kallo, wani malam-buɗe-littafi na dare mai dogon baki ya zo shan zaƙinsa ya kai masa barbara. Hantsi na yi furen ya yanƙwane, shi ke nan kwanansa ya ƙare.

Asalin yaryaɗin nan yankunan zafi na nahiyar Amurka ne. Mutanen Meziko na da suna haɗa ruwan jikinsa da ƙaron wata bishiya su yi ƙwallon roba mai tsalle, fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Masu bincike a jami'ar MIT sun gwada haɗin a 1999, ya yi.

Mai son shuka shi a Dutse ba zai sha wahala ba, don ƙasarmu mai yashi ba ta riƙe ruwa, shi kuma ba ya son saiwarsa ta kwana a taɓo. Ɓawon irin ne mai tauri, saboda haka a ɗan kankare gefensa a jiƙa shi kwana guda, a shuka da saukar ruwan Yuni inda rana ke bugawa. Kada a cika masa taki, musamman yuriya, in ba haka ba ganye za a samu shar babu fure. Haƙuri kuma ake yi, domin ya fi yin fure idan yini ya fara raguwa, wajen Satumba da Oktoba. Sai dai ni ba zan kai shi bakin gona ko fadama ba. Yana zubar da iri, yana danne abin da ya hau, har ta kai Afirka ta Kudu ta sa shi cikin jerin tsirran da doka ta ce a kawar. Kuma ba abin ci ba ne, irinsa a ajiye inda yara ba sa kaiwa.

In ma tsoron dangin yaryaɗi ake ji, makiyayi ya fi kowa dalili. Duman rafi, mai fure shuɗi-ja da ke malale a bakin kududdufi da magudanan titi, kan sa tumaki da awaki makyarkyata da tangaɗi idan suka cika ciki da shi lokacin ƙarancin ciyawa.

Shi kuwa zaƙamin gaske yana nan a kan juji da kangwaye da bayan makarantu, ba wanda ya tura hotonsa. Ranar tsaftar muhalli akan kwashe shara a bar shi tsaye, su ma masu yekuwar yaƙi da shaye-shaye sun fi yawan ambaton sunansa fiye da nuna wa iyaye kamanninsa. Gubarsa, atirofin da sikofolamin, tana busar da baki, ta buɗe ƙwayar ido, ta kawo zafin jiki da bugun zuciya da sambatu. Yaron da aka ga haka gare shi, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja, a garzaya da shi asibiti, a tafi da reshen abin da ake zargin ya ci don likita ya gani.