Wace Waya Ta Dace Da Manomi?

Manoma na Dayi da kewaye, ga kaka ta zo. In an sayar da auduga da masara, da yawa za su nufi Malumfashi ko Funtuwa sayen wayar hannu. Can mai kanti zai cika muku kunne da 2G da 3G da 4G da 5G. To, bari mu warware muku su tun kuɗi ba su bar aljihu ba.

Waɗannan lambobi tsara-tsara ne na hanyar sadarwa. 2G ta fara aiki a Nijeriya cikin 2001, aka ba da lasin 3G cikin 2007, manyan kamfanoni suka buɗe 4G cikin 2016, sa'an nan MTN ya kawo 5G cikin 2022 a manyan birane irin su Ikko da Abuja da Kano.

Abu uku a ke dubawa. Na fari sauri. 2G jaki ce, ba ta gaggawa, amma ta na kai magana da gajeren saƙo, da ita kuma a ke danna lambobin nan na aika kuɗi ta banki. Takin zamanin da Gwamnati ta fara rabawa ta waya cikin 2012, da gajeren saƙo aka riƙa sanar da manomi a lokacin. Amma in tsutsa ta faɗa wa masararka, ka ɗauki hoton ganyen don malamin gona ya gani, 2G sai ta ci minti ɗaya ko biyu ta na fama. 3G ta fi ta nesa, 4G kuwa kafin ka ƙifta ido ya isa. 5G ta ninka 4G sau da yawa.

Na biyu nisa. Nan ne jaki ya ke yi wa mota dariya. 2G ta fi daɗewa, ta fi yaɗuwa, ta na kai wa ƙauyuka da gonakin da sauran ba su kai ba. 5G da a ke da ita a birane ba ta nisa da turken sadarwa, bango da itatuwa ma su na rage mata ƙarfi.

Na uku ɗaukar jama'a. Turke kamar rijiya ya ke, in masu guga suka yi yawa, kowa kaɗan zai samu. Shi ya sa ran kasuwa waya ta kan yi nauyi ko da sandunanta sun cika. A nan 4G ta fi 3G da 2G ɗaukar kaya ƙwarai.

Saboda haka kafin ka saya, ari wayar maƙwabci ka je gona da gida da bakin kasuwa, ka dubi saman gilashinta. In ka ga E, watau 2G ce. H kuwa 3G ce, LTE ita ce 4G. Ka gwada layin kamfani fiye da ɗaya, gama turakunsu ba wuri guda su ke ba.

Wanda bukatarsa jin farashin Dawanau ne da karɓar kuɗin hatsi, ƙaramar waya ta ishe shi, ga ta da riƙe caji. Mai son aika hoto ya sayi mai 4G, don ta na kama 3G da 2G in ta rasa tata. Kuɗin 5G kuwa, a zuba su a taki da iri tukuna.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.