Kiri-kiri: Ciyawar da ke Rufa wa Ƙasa Asiri a Lokacin Rani

Duk wanda ya shiga harabar makarantun sakandare na ƙasar Hausa a watan Maris zai tarar da abu guda: fili ya zama fako, iska na kwasar ƙura tana zubawa cikin azuzuwa. Idan damina ta faɗi kuma, ruwa ya riƙa yanka kwari a filin, har ya kai ga tone gindin gini. Maganin wannan matsala shi ne a lulluɓe ƙasa da tsiro mai rai, wanda ba ya mutuwa da rani. Daga cikin irin waɗannan tsirrai, kaɗan ne suka kai kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo da wasu ke kira tsarkiyar zomo.

Masana ilimin tsirrai suna kiranta Cynodon dactylon. Kalma ta biyu daga harshen Girkanci take, ma'anarta yatsa, domin kan ciyawar yakan rabu gida huɗu zuwa shida kamar yatsun hannu. Linnaeus ne ya fara ba ta sunan kimiyya a 1753, sannan Persoon ya mayar da ita rukunin da take a yau a 1805. A Amurka ana danganta ta da tsibirin Bamuda, alhali kuwa ba can ne asalinta ba.

Sirrin juriyarta

Abubuwa uku ne suka sa kiri-kiri ke jure fari. Na farko, saiwarta na nutsawa ƙasa ƙwarai, har takan kai mita 2 a ƙasa mai laushi. Na biyu, tana da kara iri biyu: wani yana yaɗo a bisa ƙasa yana kafa saiwa a kowace gaɓa, wani kuma yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, inda ciyawar ke ajiye abinci. Idan rani ya tsananta sai ganyen ya bushe ya yi ruwan ƙasa, a ɗauka ta mutu, nan kuwa barci take yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: wannan ajiya ce ke tayar da ita kwanaki kaɗan bayan ruwan farko.

Na uku shi ne yadda ganyenta ke sarrafa abinci. Tana cikin rukunin da ake kira C4, tare da gero da dawa da masara da rake. Hatch da Slack ne suka bayyana wannan hanya a Ostireliya a 1966. Tsirran wannan rukuni suna tara iskar kabon a cikin ganye, don haka ba sai sun buɗe ƙofofin numfashinsu sosai ba, ruwan da ke fita ta ƙofofin kuma sai ya ragu.

Inda ake yin kuskure

Duk waɗannan siffofi na babbar ciyawa ne. Jaririn tsiro ba shi da ko ɗaya daga cikin na farko da na biyu. Ƙwayar irin kiri-kiri ƙanƙanuwa ce ainun, giram ɗaya na irin da aka ɓare yana ɗauke da ƙwaya wajen 4,000. Guzurin da ke cikin kowace ƙwaya bai taka kara ya karya ba. Saiwar farko ba ta wuce santimita ɗaya ko biyu, kuma a nan ne rana ta fi busar da ƙasa cikin 'yan awoyi. Da zarar ƙwaya ta sha ruwa ta fara tsira, sannan ta bushe, to ta mutu ke nan. Saboda haka mai shuka da ya ji an ce ciyawar ba ta jin fari, ya watsa iri ya juya baya, ya yi asarar kuɗinsa. Makonni shida na farko su ne ke yanke hukunci.

Gwajin iri

Kafin a shuka, ya kamata a gwada irin, kuma wannan aiki ne da ɗalibai za su iya yi a aji. A ƙirga ƙwaya 100, a jera su a kan jiƙaƙƙen ƙyalle cikin faranti, a ajiye kusa da taga, kada a bari ƙyallen ya bushe. A riƙa rubuta adadin da ya tsira kullum har mako biyu. Idan 70 suka tsira, ƙarfin irin kashi 70 cikin ɗari ne. Idan bai kai rabi ba, sai a ninka yawan da za a shuka. Gwajin ya fi zama dole ga irin da aka tsinto a bakin hanya, domin yawancin kawunan ciyawar ba sa cika da ƙwaya. A kuma sani cewa wasu nau'o'in da aka aurar don filayen wasa, kamar Tifway da aka fitar a jihar Jojiya ta Amurka a 1960, ba sa yin iri mai tsira, sai dai a dasa karansu.

Yadda ake shukawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Ruwan farko na bazara mayaudari ne, shukar ƙarshen Agusta kuma ba ta samun lokacin kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke. Sanyin hunturu ma yana hana irin tsira, don yana son ƙasa mai ɗumin da ya kai digiri 20 ko fiye.

A zaɓi wurin da rana ke bugawa, domin kiri-kiri ba ta yi a inuwar darbejiya ko mangwaro. A kafce ƙasa zurfin taƙi ɗaya, a cire ciyayi, a zuba ruɓaɓɓen taki, a baje da manjagara. Giram 5 zuwa 10 sun ishi murabba'in mita ɗaya. A gauraya irin da busasshen rairayi don ya watsu daidai, a yafa rabi daga gabas zuwa yamma, sauran daga kudu zuwa arewa. Kada a binne shi fiye da rabin santimita. Ya isa a ja manjagara sama-sama, sannan a danne da katako don ƙwaya ta manne da ƙasa, tururuwa da tsuntsaye su rasa ta kwasa.

Irin da aka ɓare yakan tsira cikin mako ɗaya zuwa biyu, marar ɓara kuwa ya fi jinkiri. Duk ranar da ba a yi ruwa ba, a yi yayyafi safe da yamma. Bayan tsiro ya kafu sai a sauya: a shayar da yawa amma jefi-jefi, don saiwa ta bi laima zuwa ƙasa. A yi shinge saboda awaki da kaji da ƙafar ɗalibai. Cikin wata biyu zuwa uku fili zai rufe.

Gargaɗi

Abin da ya sa kiri-kiri ta zama alheri a harabar makaranta shi ne ya mayar da ita annoba a gona. Guntun kara mai gaɓa ɗaya ya isa ya kafa sabuwar ciyawa, manoma kuwa sun san wuyar kawar da ita. Don haka a nisanta ta daga gonar makaranta da fangalin kayan miya, a kafa bulo cikin ƙasa a kan iyaka, a riƙa datse yaɗon da ya ƙetare.

Ƙungiyar ɗaliban kimiyya ko ta matasa manoma za ta iya farawa da ɗan fili mai mita 2 a tsawo da faɗi a gaban aji. Idan watan Maris ya zagayo, a tona gefe guda a duba karan da ke ƙarƙashin busasshen ganyen, za a same shi fari, da danshinsa, yana jiran ruwa.